Yadda Za Ka Koyar da Zunubin Asali da Fansa a Ajin Baftisma

In fasto da dattawan ikilisiya sun danƙa maka ajin baftisma, darasin da zai fi ba ka aiki shi ne na faɗuwar ɗan Adam da fansarsa. Maganar addu'a, baiko da jibin Ubangiji mutane kan karɓa ba gardama. Amma ranar da ka ce jaririn da aka haifa jiya ma yana bukatar Mai Ceto, za ka ga fuskoki sun sauya. Ni ina koyar da wannan aji ne a ikilisiyar ECWA, a wani ƙauye na kudancin Katsina ta wajen Malumfashi. Yawancinmu manoma ne, kakanninmu Maguzawa ne, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi Musulmi. Da irin waɗannan mutane a gabana nake wannan rubutu. In naka ajin na birni ne, sai ka gyara inda ya kamata.

Abu ɗaya nake so ka riƙe fiye da sauran: kada ka bar kowa ya tashi daga zama da labarin faɗuwa kaɗai a kunnensa. Mutanenmu ba sa samun zuwa kowane mako. Yau shuka, gobe kasuwa, jibi zaman makoki. Wanda ya ji cewa tun daga ciki shi mai zunubi ne, sa'an nan bai samu zuwa mako na gaba ba, ya tafi gida da rabin magana, kuma wannan rabin ba Bishara ba ne. Manzo Bulus kansa bai kawo Adamu a Romawa 5:12-21 ba sai don ya nuna girman abin da Almasihu ya yi. Haka ma a 1 Korantiyawa 15:22, mutuwa cikin Adamu da rayuwa cikin Almasihu a aya ɗaya suke. Ko sau nawa za ka raba darasin, kowane zama ya ƙare a ɗaya daga cikin wuraren nan biyu.

Kafin ranar, ka karanta Farawa sura 1 zuwa 5 da Romawa sura 5 zuwa 8 da babbar murya, kai kaɗai, domin inda harshenka ya yi tuntuɓe nan ne 'yan aji za su tsaya. Ka duba wane juyi ke hannunsu. Tsofaffi kan zo da tsohon juyin Hausa na 1932, wanda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi wa hidima, matasa kuma da sabon juyi ko wanda ke cikin waya. A wani za a ga Yohanna, a wani Yahaya, to ka faɗa musu tun farko kada su ɓata lokaci suna neman shafi. Ka nemi allo da alli. Waɗanda ba su iya karatu ba kuma, kada su zama 'yan kallo: in an karanta wuri, ka sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita labarin da ka. Sau da yawa tsohuwar da ba ta san baƙi ba ita ke kama abin da ɗan sakandare ya tsallake.

Ka fara daga sura ta ɗaya

Kada ka buɗe da maciji. Ka buɗe da Farawa 1:27 da 1:31, inda Allah ya yi mutum cikin siffarsa, namiji da mace, ya dubi dukan abin da ya yi ya ga yana da kyau ƙwarai. Wanda bai san daga ina aka faɗo ba, ba zai gane faɗuwar ba, sai ya ɗauka haka Allah ya ƙera mu da mugunta. Ka nuna musu kuma cewa aure da haihuwa (1:28, 2:24) da aikin gona (2:15) duk sun riga zunubi zuwa duniya.

Sa'an nan ku shiga sura ta 3, a hankali, aya bayan aya. Nan ne nake so ka ɓata lokaci.

Maciji bai fara da ƙarya tsagwaronta ba, da tambaya ya fara: ashe Allah ya hana ku cin 'ya'yan itatuwan gonar? Ka mayar da su 2:16-17 su gani da idonsu cewa dukan itatuwa aka ba su, ɗaya tak aka hana. Maciji ya ɗauki Allah mai yalwar kyauta ya nuna shi kamar marowaci mai ɓoye musu wani abu. Daga nan ya ce ba za su mutu ba, za su zama kamar Allah. To, ga tushen abin: mutum ya daina yarda cewa Allah yana nufinsa da alheri, ya so ya zama shi ne mai yanke wa kansa abin da ke nagari da abin da ke mugu. Cin ɗan itacen ya biyo baya ne.

Akwai abubuwa biyu da za ka tarar a kan mutane, sai ka cire su da Littafin a buɗe. Na farko, da yawa sun taso da jin cewa ɗan itacen nan kwanciyar miji da mata ce. Nassi bai faɗi haka ba, bai ma faɗi sunan itacen ba sai dai itacen sanin nagarta da mugunta. Na biyu ya fi nauyi. Da an karanta aya ta 6, maza za su waiga bencin mata suna murmushi, wani ma ya ce, "Malam, ai ka ji, su suka jawo mana." Kada ka bari wannan ya wuce da dariya. Ka sa mai maganar ya sake karanta ayar: mijinta yana tare da ita, ya karɓa ya ci. Umarnin kuwa Adamu aka bai wa tun ba a yi Hauwa'u ba. Da Allah ya zo, mutumin ya fara kira. In wani ya kawo 1 Timoti 2:14, cewa macen ce aka yaudara, ka yarda da shi, sa'an nan ka tambaye shi: wanda aka ruɗa ya ci, da wanda ya ci ido buɗe, laifin wa ya fi sauƙi? Ina dagewa a nan ne domin na ga matan da ake gasa wa wannan aya a gida shekara da shekaru, kuma ajin baftisma ne wurin da za a kashe wannan magana.

Bayan cin, ka bar su su lissafa da kansu abin da ya biyo: kunya, ɗinkin ganyen ɓaure, tsoro, ɓuya, sai ɗora wa wani laifi. Amsar Adamu a aya ta 12 ta haɗa har da Allah, wai matar da ka ba ni. Hauwa'u ta tura wa maciji. Laifi tudu ne, in ji mutanenmu, ka taka naka ka hango na wani. Yau ma in an kama mutum, "sharrin Shaiɗan ne" ke fara fita daga bakinsa. Ka lura kuma, ka nuna musu, cewa maciji aka la'anta (3:14) da ƙasa (3:17). Mutumin da matar sun sami hukunci mai zafi, naƙuda da wahala, gumi da ƙaya, ƙarshe komawa turɓaya, amma Allah bai ce musu la'anannu ba. Shi ne ma ya zo yana nemansu. Ya yi alkawari zuriyar macen za ta ƙuje kan macijin (3:15), wanda ikilisiya tun da can take ɗauka a matsayin hasken Bishara na farko. Ya kuma yi musu tufafin fata ya suturta su kafin ya fitar da su (3:21).

Sura ta 4 da ta 5 ka bi su da sauri. Ɗan fari ya kashe ƙanensa, Lamek yana yi wa matansa fahariyar kisa, sai jerin sunaye, kusan kowanne ya ƙare da mutuwa.

Yadda abin ya iso gare mu

Kowa a ajinka ya yarda ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Daga nan za ka kama, amma ka nuna musu Littafi Mai Tsarki ya faɗi abin da ya fi haka. Karin maganar tana nufin saura kaɗan mu cika. Yesu kuwa a Markus 7:21-23 ya ce daga ciki, daga zuciyar mutum, mugayen tunani, sata, kisa, zina, haɗama da girman kai suke fitowa. Bulus a Afisawa 2:1-3 ya ce matattu muke cikin laifofinmu. Dawuda a Zabura 51:5 ya bi zunubinsa har zuwa cikin uwarsa. A nan ka tsaya ka faɗa musu ba uwarsa yake zargi ba, kuma gadon aure ba ƙazanta ba ne (Ibraniyawa 13:4). Cewa yake abin da ya yi wa Uriya da matarsa Batsheba, wato zina da kisa, ba tsautsayi ba ne, daga halin da ya zo da shi duniya ya fito.

Misali ɗaya nake bayarwa, kuma manomi bai taɓa kasa gane shi ba: burtuntuna a dawa. Ƙurarta tana manne da iri tun daga rumbu. Ka shuka, ta tsiro kore shar, ka yi noman fari, ka yi maimai, ba ka ga komai ba. Sai ta fitar da kai ka tarar da baƙin gari a maimakon ƙwaya. Ba ranar da ta fitar da kai ta kamu ba, da ciwon ta tsiro. Haka za ka raba musu zunubin asali, wato karkatacciyar zuciyar da aka haife mu da ita, da zunuban da muke aikatawa da hannunmu. Amma ka faɗi iyakar misalin da bakinka. Dawa ba ta da zaɓi, mu kuwa da son ranmu muke yi, shi ya sa akwai hukunci. Kuma mai zunubi bai daina zama mutum mai siffar Allah ba. Farawa 9:6 da Yakubu 3:9 duk bayan faɗuwa suke magana, suna hana kisa da zagi saboda wannan siffa. Koyarwar ba ta ce maƙwabcinka wanda ba Kirista ba bai iya alheri ba. Yesu ya ce mu da muke mugaye mun san ba 'ya'yanmu kyawawan kyautai (Luka 11:13). Abin da ta ce shi ne babu ɓangaren mutum da ciwon bai taɓa ba, kuma babu mai warkar da kansa.

Ka ba su tarihi kaɗan, domin matasa sukan ɗauka Turawan mishan ne suka ƙago wannan. Wanda ya fi kowa fayyace koyarwar ɗan Afirka ne, Agustin, an haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, ya zama bishof na Hippo, ya rasu a 430. Duka garuruwan biyu suna cikin Aljeriya ta yau. Shi da kansa ya rubuta yadda yana ɗan shekara 16 suka shiga gonar maƙwabci da dare shi da abokansa, suka kakkaɓe 'ya'yan itace, ba don yunwa ba, yana da waɗanda suka fi su a gida, suka watsa wa aladu. Abin da ya dame shi har girmansa shi ne daɗin da ya ji don an hana. Samari kan yi shiru in sun ji wannan labari. Abokin gardamarsa Pelagiyus, mutumin Birtaniya mai tsananin kamun kai, ya koyar a Roma cewa Adamu mugun misali kawai ya bar mana, kuma mutum na iya kiyaye dokar Allah in ya ɗaura niyya. Majalisar bishof-bishof a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ta ƙi wannan koyarwa a 418, majalisar Afisa ta tabbatar a 431. Ka gaya musu gaskiya cewa ra'ayin Pelagiyus bai mutu ba. Duk wa'azin da ya ƙare a kan "ku ƙara ƙoƙari" ba tare da alherin Allah ba, nasa ne.

Ka kuma faɗi inda ikilisiyoyi suka bambanta, ba da raini ba, tun da akwai auratayya tsakaninmu. Katolika, bisa abin da majalisar Tirent ta tsayar a 1546, suna koyar da cewa baftisma tana kawar da zunubin asali, ko da yake karkata zuwa mugunta tana nan. Su da Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma. Luther da Kalbin, jagororin Furotesta na farko, sun ɗauki karkatar kanta a matsayin zunubi da ke tare da mai bi har mutuwa, sai dai ba a lissafa masa shi saboda Almasihu. Otodoks na gabas sun fi cewa mutuwa da lalacewa muka gada, ba laifin Adamu kansa ba. Mu a ECWA, kamar 'yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da Baftis, sai mutum ya ba da gaskiya da bakinsa ake yi masa baftisma. Ka koyar da matsayin ikilisiyarka sarai, ka bar sauran da mutuncinsu.

Tambayoyin da za su zo

"Malam, ni ban ci ba, me ya shafe ni?" Wannan ba ta taɓa fashi. Kada ka yi gaggawar amsa ta duka, ka ce a riƙe ta sai an zo kan fansa. Abin da za ka faɗa a lokacin shi ne ba wanda zai tsaya gaban Allah hannunsa wanke ya ce laifin wani kaɗai aka ɗora masa, domin dukanmu mun sa hannu (Romawa 3:23).

Wani kuma zai zo da abin da kawunsa ko abokin kasuwarsa Musulmi ya faɗa masa. Ya kamata ka san abin da suka gaskata daidai, kada ka ƙaga musu. A Musulunci Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa (Baƙara 2:37), ana haifar kowane yaro a kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar halitta, kuma babu rai da ke ɗaukar nauyin wani (An'am 6:164). Saboda haka a wurinsu ba a gadon zunubi, ba a kuma bukatar wani ya mutu domin wani. Wannan bambanci ne na gaske, daga tushe, kada ka shafe shi don a ji daɗi. Amma ka koya wa 'yan ajinka su ba da amsa yadda 1 Bitrus 3:15-16 ya ce, da tawali'u da girmamawa. Da waɗannan mutane muke zuwa suna da jana'iza.

Akwai kuma masu jin wa'azin "la'anar gado" a waya, har su gaskata rashin haihuwa ko talaucin gidansu daga tsafin kaka ne, sai an biya wani ya karya. Ka raba wannan da zunubin asali tsaf. A Ezekiyel 18 Allah ya hana Isra'ila karin maganarsu ta cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. A Yahaya 9:1-3 almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin makaho, Yesu ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. Zunubin asali bai ware wani gida ko wata kabila ba, kowa da kowa ne, ɗan fasto da ɗan boka ɗaya.

Mai nauyin duka ita ce ta uwar da ta binne jariri. Ba kasafai takan yi ta a gaban aji ba, sai an watse ta tsaya a baya. Wata baiwar Allah ta taɓa tambayata, muryarta na rawa, "Baba, to nawa da bai yi suna ba, yana ina?" Agustin ya tsananta a wannan wuri, kuma a ganina ya wuce abin da aka rubuta. Cocin Katolika ma a katikisim ɗinta na 1992 ta danƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah. Ka buɗe mata 2 Sama'ila 12:23, inda Dawuda ya ce shi zai tafi wurin yaronsa da ya mutu, da Markus 10:14, inda Yesu ya ce a bar yara su zo wurinsa gama Mulkin Allah na irinsu ne. Ka ce mata wanda ya mutu domin zuriyar Adamu bai manta da ƙanananta ba. Kada ka yi mata lacca.

Fansa

Ka shigo ta Littafin Firistoci 25:25 da 25:47-49. In Ba'isra'ile ya talauce har ya sayar da gonarsa, ko ya sayar da kansa ga baƙo, danginsa na kusa, wa ko kawu ko ɗan kawu, yana da ikon ya biya ya fanso shi. Sai ku karanta Rut sura ta 4, inda wanda ya fi kusa ya janye don kada gādonsa ya taɓu, Bo'aza ya tsaya. Ka tambayi aji me ake bukata ga mai fansa. Za su fitar da kansu: ya zama dangi, ya zama yana da abin biya, ya kuma yarda. Daga nan hanya ta buɗe. Ibraniyawa 2:11-17 ta ce Ɗan Allah ya ɗauki nama da jini irin namu, bai ji kunyar kiranmu 'yan'uwa ba. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya amma bai yi zunubi ba, wato ba shi da bashin kansa. A Yahaya 10:18 ya ce ba mai ƙwace ransa, shi yake bayarwa. Abin biyan kuma ba azurfa ko zinariya ba ne, jininsa ne (1 Bitrus 1:18-19). Ka haɗa da ɗan ragon Idin Ƙetarewa a Fitowa 12, da Ishaya 53, da Markus 10:45.

A ƙasarmu ta yau ba za ka ambaci fansa ba tare da wani ya tuna daji ba. Akwai wanda ya sayar da shanun huɗarsa da hatsin shekara don a sako ƙanensa, yana zaune a gabanka. Zai tambaya, "To wa aka biya? Shaiɗan?" Tsohuwar tambaya ce. A cikin malaman ikilisiya na dā, Orijin na Iskandariya da Girigori na Nisa sun karkata ga cewa Iblis aka biya. Girigori na Naziyanzus ya ƙi, ya ga abin ƙyama ne a ce ɗan fashi ya karɓi lada, ladan ma Allah kansa. Anselm na Kantabiri ya sake rushe wannan ra'ayi wajen 1098. Ka amsa a fili: Shaiɗan ba shi da hakki a kanmu, ba a yi ciniki da shi ba, kaye ya sha (Kolosiyawa 2:15). Hadayar ga Allah aka miƙa ta (Afisawa 5:2), kuma Allah ne ya bayar da ita. Ka kiyayi zana musu Uba mai fushi da Ɗa mai lallashi. 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa.

Ka san ciwon da ke damun kowa, domin gicciye ya taɓa su duka. Mai jin nauyin laifi ka kai shi Ishaya 53:5-6 da Kolosiyawa 2:14, inda aka kafe takardar bashinmu a kan gicciye. Wadda kunya ta hana ta ɗaga kai a gari, ka kai ta Luka 15, uban da ya ruga ya rungumi ɗansa ya sa a kawo riga mafi kyau. Amma a wurinmu tsoro ne ya fi yawa. Mutum zai yarda an gafarta masa, ya yi waƙa ranar Lahadi, laya kuwa tana ɗaure a ƙugunsa saboda iskoki, maita da sammu. Jikokin masu bori ne mu, ba a cire wannan da tsawa. Ka zauna da su a Ibraniyawa 2:14-15, inda aka ce ta wurin mutuwarsa ya rushe mai ikon mutuwa, ya 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk kwanakinsu. Ku karanta Markus 5, mai aljanu na Garasinawa zaune da tufafi cikin hankalinsa. Ku karanta Ayyukan Manzanni 19:18-19, mutanen Afisa da suka kawo littattafan sihirinsu da kansu suka ƙone. Da kansu, ka lura. Layar da aka ƙwace da ƙarfi, wata ake sayowa ranar kasuwa.

Kada ka tsaya a Jumma'ar da aka gicciye shi. In ba a ta da Almasihu ba, har yanzu muna cikin zunubanmu, haka 1 Korantiyawa 15:17 ta ce.

Yanzu ka ja layi a tsakiyar allo, Adamu a hagu, Almasihu a dama, a karanta Romawa 5:15-21, su riƙa faɗa kana rubutawa. Hagu: rashin biyayya, hukunci, mutuwa. Dama: biyayya, kuɓuta, rai. Iraniyus, bishof na Liyon a Faransa ta yau, tun wajen shekara ta 180 ya koyar cewa Almasihu ya sake bin sawun Adamu yana gyara inda ya ɓata. A gonar Aidan mutum ya bi nufin kansa, a gonar Getsamani wani ya ce ba nufinsa ba, na Uba za a yi. Ka nuna musu cewa ɓangarorin biyu ba kunnen doki suke ba: Bulus yana ta nanata cewa kyautar ta fi laifin, inda zunubi ya yawaita alheri ya fi shi yawa. Sa'an nan ka juya ga mai tambayar "me ya shafe ni". In mutum ɗaya ba zai iya tsaya wa jama'a ba, to layin dama ma ya rushe. Bambancin shi ne ta haihuwa muka shiga na hagu, na dama kuwa ta sabuwar haihuwa da bangaskiya ake shiga (Yahaya 1:12-13, 3:3-6).

Kafin ka miƙa sunaye

Ka gaya musu tun yanzu cewa za su fito daga ruwa su tarar da fushi da sha'awa da ƙyashi suna jiransu. In ba ka faɗa ba, wanda ya faɗi bayan wata biyu zai ɗauka baftismarsa ba ta kama ba. Galatiyawa 5:17 ta yi maganar wannan yaƙi, 1 Yahaya 1:8 zuwa 2:2 ta nuna inda ake komawa. Romawa 6:1-4 kuma ta toshe bakin mai cewa tun da akwai alheri bari ya ci gaba. Romawa 7 masana sun rabu a kan ko Bulus yana maganar kafin tubarsa ne ko bayanta, to kada ka gina darasin duka a kanta. Ka ƙara da Romawa 8:23: fansar jikinmu tana gaba, shi ya sa mai bi yake ciwo, yake mutuwa, gonarsa take fitar da ƙaya kamar ta kowa.

Gwajin ƙarshe kada ya zama hadda. Ka zauna da kowa shi kaɗai, mata kuma tare da matarka ko shugabar Zumuntar Mata. Ka tambaya, "A kan me kake sa zuciya Allah zai karɓe ka?" In amsar ita ce na daina burkutu, ba na fashin sujada, ina ba da zakka, ka yaba masa, amma ku koma Afisawa 2:8-10 tare, ya ga ayyukan kirki bayan ceto suke zuwa. In kuma ya sunkuyar da kai ya ce abin da ya aikata ya fi ƙarfin gafara, ku karanta labarin ɗan fashin da ke gefen Yesu a Luka 23:39-43, sa'an nan Romawa 8:1. Wanda ka ga bai gane ba tukuna, ka gaya wa fasto a keɓe, a ɗaga masa zuwa baftisma ta gaba ba tare da an sanar a majami'a ba, kai kuma ka riƙa bin sa gida da yamma kuna karatun tare.